Tambayoyinku: Cajin waya ne ke cinye mana yunit, ko kuwa mu kafa ƙungiyar wuta tamu?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan wuta suka tsaya, kuma ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto ya zama sai an yi shawara da aljihu. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu Rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin ya sauko ya tsaya a naira 209.5 a watan Yulin shekarar. Da wannan farashin zan yi lissafin da ke ƙasa, ban da haraji.

Tambaya daga wani dattijo, shugaban ƙungiyar layi a Agege, Legas: Assalamu alaikum. Lokacin da na tare a layinmu gidaje ba su kai ashirin ba, yanzu ko filin ajiye baro babu. Taransifomarmu ba ta shekara ba ta ƙone ba, kullum cikin karo-karo muke. Ɗana da ke karatu a Amurka ya ce can akwai garuruwan da jama'a ne da kansu suka mallaki kamfanin wutarsu. Da gaske ne? Mu ma za mu iya?

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. Ɗanka gaskiya ya faɗa maka. A farkon shekarun 1930 kusan gonaki 9 cikin 10 na Amurka ba su da lantarki, don kamfanoni sun ce jan waya zuwa ƙauye asara ce. A 1935 shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara, a 1936 aka yi mata doka, gwamnati ta riƙa bai wa manoma rance mai sauƙin ruwa. Manoman suka haɗu suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, suka kafa turaku, suka ja waya. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi kusan 900 a ƙasar, suna ba wa mutum kimanin miliyan 42 wuta. Bangaladash ma ta ɗauki wannan tsari tun 1977 don ƙauyukanta.

Abin da ya bambanta su da kamfani shi ne mai shan wutar shi ne mai kamfanin. Duk wanda ke da mita memba ne, ƙuri'arsa ɗaya, ko attajiri ne ko mai ɗaki ɗaya. Su ke zaɓen masu gudanarwa. Idan an biya komai kuɗi ya yi saura, ana rubuta wa kowa rabonsa gwargwadon wutar da ya saya, a mayar masa bayan wasu shekaru. Ka san adashi, Baba, to ɗan'uwansa ne, sai dai nan abin da ake kwasa haske ne.

Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa irin wannan ƙungiya ke roƙon mutane su rage shan wuta, abin da ɗan kasuwa zai ga kamar wauta. Yawancinsu sarin wutar suke yi, kuma tsadar sarin tana bin lokacin da kowa ya kunna kayansa a tare. Girman waya da girman taransifomar da za a saya ma wannan lokacin suke bi, ba tsakar dare ba da kowa ke barci. Idan gari yana girma, hanya biyu ce: ko a ci bashi a sayo manyan kaya, ko a lallashi mutane su sassauta a awannin cunkoso. Tunda bashin a kan membobi zai faɗa, sai su fara da ta biyun. Shi ya sa suke rage wa mutum kuɗi idan ya sauya ƙwai zuwa marasa cin wuta, suke tura ma'aikaci ya zagaya gida ya nuna inda wuta ke zurarewa, wasu har na'ura suke maƙala wa tukunyar ɗumama ruwa, da yardar mai gida, ta riƙa kashe ta na ɗan lokaci idan layi ya yi nauyi.

Yanzu mu dawo Agege. Ba zan ruɗe ka ba, layin da ke ƙofar gidanka yana hannun kamfanin rarraba wuta tun da aka sayar da tsohuwar NEPA a watan Nuwamban 2013. A Legas kamfanoni biyu ne suka karɓi aikin a lokacin, Ikeja Electric da Eko. Ba za ku wayi gari ku ce layin ya zama naku ba, kuma sayar wa jama'a wuta sai da izinin hukuma. Amma ƙofa ta ɗan buɗe. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024, tana kuma da hukumarta mai suna LASERC. Tun 2016 ma akwai ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta, waɗanda a lokacin aka iyakance ƙarfinsu ga megawat 1, da ake iya kafa wa unguwa ko kasuwa. Kun ji yadda aka samar wa wasu kasuwanni wutarsu daban: kasuwar Sabon Gari ta Kano da sola, sai Ariaria ta Aba, da rukunin shagunan Sura a nan cikin Legas.

Shawarata kada ku fara da mafarkin tasha. Ku fara da rajistar ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar da ke kula da su a sakatariyar jiha da ke Alausa, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, a daina tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya komai amanarsa. Sannan ku ƙidaya kanku: gida nawa ke kan taransifomar, injin niƙa nawa, mai walda nawa, firiza nawa. Ku samo ƙwararren mai gyaran wuta ya auna nauyin da ke kan kowace waya cikin ukun da ke fitowa daga taransifomar da misalin ƙarfe takwas na dare. Sau da yawa za a tarar an jibga wa waya ɗaya rabin layi, sauran biyun suna hutawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙa cinye fis yana gasa taransifoma. Da takardar wannan ƙidaya da awo a hannu za ku je wa kamfani a matsayin ƙungiya, maganarku ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ka kuma riƙe wannan da kyau: a ƙa'idar NERC, hukumar kula da lantarki ta ƙasa, sayen taransifoma da turaku da waya aikin kamfani ne, ba na jama'a ba. Idan dole ta sa za ku saka kuɗinku, kada kobo ya fita sai an yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a biya ku. Wannan karo-karon da ba takarda yana ci mini rai ƙwarai, domin talaka ne ke saye, ranar da aka ɗora kayan kuma sun tashi daga nasa.

Tambaya daga wata Hajiya mai gidan haya a Idi-Araba: Gidana ɗaki goma sha biyu ne, mita ɗaya. Kati ba ya kwana goma. 'Yan haya sun ce wani ɗalibi mai kwamfuta da wani yaro da ke karɓar cajin wayoyin 'yan acaba su ne ke shanye wutar, sun ce a ninka musu kuɗi. Ya zan yi?

Hajiya, ki dakata tukuna, kada a ɗauki alhakin yaran nan. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da lissafi bai goyi bayansa ba.

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Babbar wayar zamani mai batir 5,000mAh, idan ta mutu murus aka cika ta, abin da take ja daga bango bai fi wat 25 na awa ɗaya ba. Ke nan yunit ɗaya zai cika waya 40. Wanda ke cajin wayarsa kullum, shekara guda cur wajen yunit 9 zai ci, bai kai naira 2,000 ba. Yaron nan ko waya 60 yake cikawa a rana, yunit ɗaya da rabi ne. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti, mai wat 1,500, awa ɗaya kacal za ta yi ta cinye daidai wannan. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tsakanin wat 45 zuwa 65 take ci, fankar silin ma ta fi ta, don ita tana kai wa 75.

Kwanaki na je wani gida irin naki, rigimar ma iri ɗaya. Na tafi da ƙaramar na'urar auna wuta, wadda ake sokawa a soket sannan a soka kaya a jikinta. Muka bi ɗaki-ɗaki, mutane na biye da mu. Ɗakin da ake zargi bai nuna abin kirki ba. Da muka iso baranda sai ga wata tsohuwar firiza ta mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, robar murfinta ta tsage, an ɗora mata bulo don ta rufu. Na sa tafin hannu a gefen murfin, sanyi na fita kamar ana hura shi. Injinta tun da muka shigo gidan bai huta ba, alhali lafiyayyar firiza takan yi aiki ta tsaya. Baiwar Allah da ta ga lambar da idonta ba ta yi musu ba, cewa ta yi wallahi ba ta sani ba, kuma na yarda da ita. Gani ya kori ji. Aka sauya roba, rigimar wata da watanni ta mutu a yammacin.

Duk abin da aikinsa zafi ne ko sanyi, shi za ki fara tuhuma: dutsen guga, hita, butar lantarki, risho na lantarki, na'urar sanyaya ɗaki, firiza. Sai tsofaffin ƙwai masu jan haske. Ƙwai mai wat 60 da ke kwana kunne awa 10 yana cin yunit 18 a wata. Ƙwan zamani na LED mai wat 9 zai ba da haske kusan iri ɗaya da yunit 2.7. Bambancin ya haura naira 3,000 a wata, a kan ƙwai ɗaya tak. Ki leƙa tsakar gida da banɗakuna da zaure ki ƙidaya.

Maganin dindindin shi ne kowa a auna masa nasa. A sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita ta cikin gida bayan babbar, ƙwararre ya haɗa, kada a taɓa ta kamfani. A buɗe zauren WhatsApp na gidan, duk Juma'a a ɗauki hoton kowace mita a tura kowa ya gani. Ɗalibin nan da ake zargi shi ma za a ba riƙon lissafin, ya zuba shi a manhajar lissafi ta Google Sheets. Wutar tsakar gida da ta famfon jan ruwa a raba daidai. Kin ga ke nan kin kafa 'yar ƙaramar ƙungiya irin wadda Baba na Agege ke tambaya a kai. Na sha ganin mutumin da ba ya jin wa'azin a kashe fanka, amma ranar da ya ga lambar ɗakinsa a gaban maƙwabta, ba wanda ya sake tuna masa.

Tambaya daga wani matashi mai shagon buga takardu a Mile 12: Cajar kwamfutata biyu suka ƙone cikin wata uku, duk a lokacin da aka dawo da wuta. Sitabilaiza zan saya?

Ƙanena, duba bayan cajarka, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V. Ma'ana raunin wuta bai cika damunta ba, abin da ke kashe ta shi ne tsallen da wuta ke yi a daƙiƙar da aka kawo ta, ko lokacin da aka juya daga janareto. Sitabilaiza tana da ɗan jinkiri kafin ta gyara, tsallen ya riga ta wucewa. Ka nemi na'urar kariya mai jinkirta wuta, irin wadda ake sa wa firij, wadda ke jira na ɗan lokaci sai wuta ta daidaita ta sake ta. In kana da kwamfutar tebur, UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ta zama dole, don ɗaukewar wuta farat ɗaya na lalata faifan ajiya da aikin mutane. Kafin ka samu kuɗin, da an ɗauke wuta ka kashe soket, in an kawo ka ba ta minti biyu. Kuma ka guji caja ta bakin titi marar nauyi a hannu, abin da aka cire daga cikinta don ta yi araha shi ne kariyar.

Tambaya daga wani mai sayar da dabbobi a Alaba Rago: Na yi wata da watanni a gida Arewa, shagona a rufe. Na dawo na sayi kati ta waya, mita ta ƙi karɓa. An cinye kuɗina ke nan?

Alhaji, kuɗinka na nan in sha Allahu. Kowane kati mai lamba 20 yana ɗauke da hatimin lokacin da aka saye shi, kuma ma'aunin wannan lokaci a tsofaffin mitoci ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Mitar da ba a sabunta ba ba ta gane sabon kati. Ka ba kamfanin da ke ba ka wuta lambar mitarka, ta shafinsu na intanet ko a ofishinsu, za su ba ka lambobin sauya makulli guda biyu, kowanne lamba 20. Ka shigar da na farko, ka jira mita ta amsa, ka shigar da na biyu, sannan ka sa katin da ka saya. In akwai wani tsohon kati da ka saya tun kafin tafiyarka ba ka loda ba, shi za ka fara sawa kafin waɗannan biyun, don bayan sauyin ba zai shiga ba. Idan ka ga allon mitar ya nuna alamar an taɓa ta, to wannan wata lamba ce daban za su ba ka, kuma kada ka bari mai gyaran unguwa ya buɗe murfinta.