Amsa: Bikin yaye ɗalibai a zauren wasanni mai daɓen katako

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, zauren wasannin jami'arku daɓensa na katako ne, ana buga ƙwallon kwando da ta raga a ciki, yanzu kuma ana so a yi bikin yaye ɗalibai a wurin, kana fargabar a lalata shi. Kana da gaskiya, amma bikin yana yiwuwa idan an yi tanadi.

Abubuwan da suka fi cin daɓen su ne ƙafafun kujerun ƙarfe, da takalma masu tsinin dunduniya, da yashin da ke maƙale a tafin takalmi. Na taɓa ganin an ja kujeru a kai babu shimfiɗa. Washegari layukan fili duk sun karce, abin ba kyan gani. Ku share tsaf tukuna, sannan ku shimfiɗa ledar kariya mai kauri. Filin kwando mita 28 ne da 15, amma kada ku tsaya iya layi, ku rufe har gefe. Ƙarƙashin ƙafafun dandamali kuma a sa alluna don nauyin ya bazu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne manna tef kai tsaye a jikin katako, da wanke shi da bokitin ruwa bayan taro. Katako in ya sha ruwa kumbura yake, ya banƙare. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Rataya lasifika ko fitilu a rufi kuwa, sai injiniyan gini ya duba. Yawan mutanen da zauren zai ɗauka da ƙofofin fita, ku tuntuɓi 'yan kwana-kwana kafin a jera kujera ko ɗaya.