Malama, in bar ta ta tafi rihlar mathaf (ziyarar gidan adana kayan tarihi da fasaha)?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana aji biyar na firamare a nan Jidda. Makarantarsu ta aiko da takarda mu sa hannu, wai za a kai su rihla, wato fitar makaranta, zuwa cibiyar fasaha ta Hayy Jameel kallon zane-zane, kowa ya kawo riyal 30 na mota. Babanta ya ce ɓata lokaci ne, gara ta zauna ta yi tilawa, kuma bai san irin hotunan da za a nuna musu ba. Yarinyar kwana biyu ke nan tana kuka. Mene ne shawararki? Daga wata uwa a Hindawiyya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki lallaɓa Alhaji ya sa hannu. Amma kada ki raina damuwarsa, uba ne, haƙƙinsa ne ya san abin da idon 'yarsa zai gani. Ki kira ablarsu, wato malamarsu, ki tambaye ta wane baje koli ne ake yi yanzu, domin Hayy Jameel ba kaya ɗaya yake ajiyewa shekara da shekaru ba, ana sauyawa. Wurin yana unguwar Muhammadiyya, an buɗe shi a Disambar 2021, kuma yana da sashe na yara da ake kira Hayy Explorers, inda suke yin aiki da hannunsu. Idan akwai abin da zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa nake goyon bayan irin wannan fita. A 2025 na raka ɗalibaina mata baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin manyan rumfunan nan farare da aka gina tun 1981, waɗanda iyayenmu da yawa suka kwana a gindinsu suna jiran jirgin Kano. A wannan karon ne aka fara nuna rigar Ka'aba cikakkiya a wajen Makka.

Yaran nan kusan dukkansu sun yi ɗawafi ba sau ɗaya ba. Amma a Harami turereniya ba ta barin mutum ya tsaya ya duba. A nan kuwa suka matsa dab da rigar. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ja ni da abaya, ta ce, "Abla, ashe baƙin ma rubutu ne!" Gaskiyarta. A jikin baƙin alharinin an saƙa kalmar shahada da tasbihi, baƙi a kan baƙi, sai haske ya faɗo ta gefe kake ganinsu. Sannan ta lura haruffan zinariyar sun taso, sun yi tudu. Mai yi mana bayani ta ce auduga ake fara shimfiɗawa a ƙasa, sannan a bi ta da zaren azurfa mai ruwan zinariya, da hannu, a masana'antar Ummul Jud da ke Makka. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce kakanta ma da allura yake yi wa babbar riga aska takwas. Wallahi sai da idona ya cika. Ta koma gida tana kallon sana'ar gidansu da wani ido daban. A wani ɗakin kuma muka tarar da littattafan hannu daga Timbuktu, rubutunsu mai kama da wanda muka koya a allo, yaran suka yi ta gasar karantawa.

Abin da na koya shi ne, rihlar da ake kora yara daga ɗaki zuwa ɗaki kamar tumaki ba ta da amfani, hoto kawai za su ɗauka su dawo. Don haka ki tambaya ko makarantar ta riga ta yi rajista an ba su mai bayani, da kuma yara nawa ke hannun kowace malama. Ke kuma ki ba 'yarki ƙaramin littafi da fensir, ki ce ta zaɓi abu guda ɗaya tak da ya kama mata rai, ta tsaya a gabansa ta zana shi. Ki faɗa mata ba a taɓawa, ki kuma gaya mata dalili: gumi da maiƙon hannu suna cin yadi da takarda a hankali. Ta karya kumallo sosai, don ba a shiga da abinci ɗakunan.

In ana neman iyaye masu rakiya, ki ba da sunanki. Da daddare kuma ta kai wa babanta littafin, ta yi masa bayanin abin da ta zana, sannan ta ɗauko Alƙur'aninta ta biya masa tilawar ranar.