Wace ce Balarabiyar da ta fara cin zinare a Olamfik?

Malama, kin tambayi wace Balarabiya ce ta fara lashe zinare a Olamfik, don 'yarki mai son tseren tsallake shinge. Nawal El Moutawakel ce, 'yar Maroko, haifaffiyar Kasablanka a 1962.

A Los Angeles a 1984, shekarar da aka fara saka tseren mata na mita 400 mai shinge a gasar, ta kammala cikin daƙiƙa 54.61, tana ɗaliba a Jami'ar Iowa State ta Amurka. Sarki Hassan na Biyu ya kira ta a waya da kansa. Gaskiya Tarayyar Sobiyet da yawancin ƙawayenta sun ƙaurace wa gasar, amma ni ban ga hakan ya rage mata komai ba. Daga baya ta shiga Kwamitin Olamfik na Duniya a 1998, ta zama ministar wasanni a 2007.

Ana yawan rikita ta da Hassiba Boulmerka ta Aljeriya, wadda zinarenta na mita 1500 ne a 1992.

Batun yarinya kuwa, shinge 10 ne, kowanne santimita 76. Kada ta fara da wannan tsayin a gida. A samo mata koci ya koya mata ƙirgen taku tukuna.