Ruwan batir a kan risho

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne na gama sakandare kuma ina matuƙar son kemistri. Yayana yana da shagon cajin batir, to naji ance idan aka dafa ruwan batir ruwan ya ƙone za'a samu asid mai ƙarfi irin na lab. Dan Allah zan iya yi a gida a kan risho? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, amma wallahi rabin zancen ya baka. Ruwan batir salfurik asid ne kamar kashi 35 cikin 100, sauran ruwa ne, shi kuma na lab kashi 98 ne, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Da farko ruwa ne zai riƙa fita kana murna, toh amma duk sanda asid ɗin ya ƙara kauri zafin da yake buƙata kafin ya tafasa ƙaruwa yake, har ya kai wajen digiri 337, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Kuma ba ya tafasa a hankali, sai yayi shiru kace babu abinda ke faruwa, kawai ya yi tsalle ya fantsamo kamar talgen tuwo, sai dai wannan in ya sauka a fata zafin wuta ne da cin asid a lokaci guda, in ko ido ya samu shikenan. Sannan a cikin me zaka dafa? Tukunyar ƙarfe ko ta alminiyam cinyeta zai yi, kwalba ta gida kuwa tsagewa zata yi ya malale maka a ƙafa, ko gilashin lab mai jure zafi in yana da ɗan tsagu yana iya fashewa.

Hayaƙin ma ya ishe ka. Tun kafin ka kai inda kake so zai fara fitar da wani farin hayaƙi mai kauri, asid ɗin ne da kansa ke tashi cikin iska, yana ƙona maƙogwaro da huhu, takunkumin da muka sa lokacin korona ba abinda zai tare, ga gida da yara ga awaki a tsakar gida. Tun 1992 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta saka irin wannan tururin cikin abubuwan da ke jawo kansar maƙogwaro. In kuma daga tsohon batir ka ɗebo akwai gubar dalma a ciki, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Abin haushi ko ka sha wannan wahalar ka barshi a buɗe, danshin iska zai riƙa zuƙa ya koma tsinkewa. Su kamfanoni ma ba dafawa suke ba, farar wuta suke ƙonawa su bi ta wasu matakai a rufaffun injina. A Ingila tun 2018 ba'a yarda mutum ya ajiye wanda ya wuce kashi 15 ba sai da lasisi.

Ka koma wajen malaminka na kemistri ka roƙe shi ya nuna maka a lab, yawancin gwaje-gwajen matakinka ma da tsinkakken asid ake yinsu. Tunda kana zama a shagon yayanka kuma, in ruwan batir ya zubo wa wani a cire kayan da ya jiƙa, a sakar masa ruwa mai yawa aƙalla minti 20, banda manja banda man goge baki banda ɗanyen ƙwai, daga nan sai asibiti.