Amsa: Doguwar eriya za ta kai Wi-Fi sashen baya?

Malam, ka ce rautarka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana falo, sabis ba ya kaiwa ɗakunan da ke ƙetaren tsakar gida, kana so ka sayi doguwar eriya mai 12 dBi (awon yadda eriya ke tattara sabis). Dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗinka.

Eriya ba ta ƙara wa rauta ƙarfi. Wanda ake da shi take tattarawa ta tura gefe guda, kamar yadda tocila ke yi wa hasken ƙwanta. Doguwar eriya tana shimfiɗa sabis a kwance ne, ta rage wa sama da ƙasa. A gidan da ba bene ba za ka ga ɗan canji, a bene kuwa na sama ne za su koka.

Sannan duba bayan rautar. Idan mai SIM ce, ramukan eriyar da ke jikinta galibi na jawo sabis ne daga turken kamfanin waya, ba ruwansu da Wi-Fi na cikin gida. Na sha ganin mutane sun ɗaura eriya a nan suna jiran ɗakin baya ya gyaru. Idan kuma eriyar Wi-Fi ce mai kuncewa, bakinta yawanci RP-SMA ne, ba SMA ba. Kamanninsu ɗaya, sai ka leƙa tsinken tsakiya, don haka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu.

A gidajen da na gyara, bango ne babbar matsala: bulon siminti, rodi, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa. Ciro rautar daga bayan talabijin, ka rataye ta sama kusa da tagar da ke kallon sashen, eriyoyin a tsaye. Haɗa wayoyin hannu na can da Wi-Fi na zangon 2.4 GHz, ya fi na 5 GHz ratsa bango. Idan Wi-Fi na maƙwabta ya cika wurin, gwada tasha ta 1, 6 ko 11 a saitin rautar.

In duk bai yi ba, ni dai kebul nake ba da shawara. Kebul ɗin intanet nau'in Cat6 yana kai mita 100. Ka zura shi cikin bututun roba saboda rana da ɓera, ka sa rauta ta biyu a can. Na'urar maimaita sabis ta fi sauƙin haɗawa, amma takan cinye kusan rabin gudun.

Bango nawa ne tsakanin falon da ɗakunan, kuma wace irin rauta ce? Turo hoton bayanta mu gani.