Yaya, ga dalilin da ya sa muka yi wa yaron walima

Yaya, ka tambaya ko mu Hausawan Landan mun rasa abin murna ne, har mu tara jama'a don an buga binciken yaro a mujallar likitoci. Ka ce a majalisarku ta Tudun Wada ana tambayarka ko ɗan naka likita ne ko malamin makaranta, tunda ga karatu ya yi amma bai buɗe asibiti ba. Mu ma farkon zuwanmu haka muke kallon abin. Jinyar 'yan uwanmu ce ta canja mana tunani.

A nan idan mace ta kamu da sankarar mama ba ma rufa-rufa. Bayan tiyata akan tura ta gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken inji, mu kuma mata sai mu raba aiki: wata ta kai ta asibiti, wata ta ɗauko yara daga makaranta, wata ta ɗora tukunya. Tsofaffinmu sun san lokacin da wannan hidima ke cin mako biyar, Litinin zuwa Juma'a, zuwa asibiti sau 25 cur. Daga baya ta koma mako uku. Yanzu mata da yawa mako ɗaya suke yi su gama. Da muka bi diddigi, sai muka tarar aikin masu bincike ne, a gabansu akwai Farfesa John Yarnold na Cibiyar Binciken Ciwon Daji da asibitin Royal Marsden.

Ka san ba a ba da gashin a tashi ɗaya. Ana gutsura shi kaɗan-kaɗan domin lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa kafin gobe. An daɗe ana ganin ƙaramin kaso a kullum shi ne mafi aminci. Yarnold kuwa ya yi zargin cewa a sankarar mama wannan jan lokaci ba ya ƙara komai, za a iya ƙara kason kullum a rage jimillar. Zargi ba hujja ba ne, don haka tun 1986 ya fara gwaji. Daga nan aka yi manyan gwaje-gwajen START da mata sama da 4,000, sakamako ya fito a 2008: zuwa 15 ya yi aikin zuwa 25. Ba su tsaya ba sai da suka bi matan shekara goma, suka sake bugawa a 2013, saboda illar gashi takan ɓuya shekaru kafin ta bayyana. A 2020 gwajin FAST-Forward ya nuna zuwa biyar ma ya wadatar ga da yawa daga cikinsu, ya kuma fito daidai lokacin korona, da ake gudun cunkoso a asibiti.

Daga 1986 zuwa 2020, Yaya. Shekara 34 a kan tambaya guda! Wannan haƙurin shi ya fi burge ni. Kamar mai dashen dabino ne, wanda ya san wasu ne za su fi cin moriyarsa.

Ba na ce komai ya zo mana da sauƙi ba. Idan likita ya kawo takardar neman izinin sa mutum cikin gwaji, da yawa cikinmu sukan ja baya, don ba mu manta abin da ya faru da yara a gwajin magani a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. Tsoron yana da tushe. Abin da muke yi yanzu shi ne, a kai takardar wurin ɗaya daga cikin likitocinmu, ya karanta ya fassara layi-layi, mai ciwo ta yi shawara da mijinta, in ta ƙi ba a rage mata komai a magani. Har ɗigon tawada da ake yi a fata don saita inji sai da muka kai wa malamai tambaya, suka ce larura ce. Yaranmu da suka shiga aikin bincike su suka zama gadarmu a irin wannan, shi ya sa muke girmama su.

Ka kuma duba ta gefenku. Matar da za ta tashi daga Kaduna zuwa asibitin Shika, ko ta nemi masauki a Zariya, ta bar yara da sana'a, zuwa 15 da zuwa 25 ba ɗaya ba ne a aljihunta. Injin da kansa zai duba mutane fiye da da. Amma matan da aka yi gwajin da su galibi an gano ciwonsu da wuri ne, namu kuwa sukan zo asibiti bayan ya yi nisa, don haka dole a yi binciken a kan namu a gida. Yaron ya ce wannan yake son yi, yana neman likitocin da zai haɗa hannu da su a can. In ka san wani a Shika ko a asibitin Barau Dikko, don Allah ka haɗa su.

Ka gaida Inna da yara.