Me ya sa tsofaffinmu ke cewa "Makwar" maimakon Sinnar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Mai Wurno ne. Kakana, Allah ya jiƙan shi, har ya rasu, in zai ambaci madatsar ruwan nan, bai taɓa cewa hazzan Sinnar ba, sai dai hazzan Makwar. Wai ina ne Makwar ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, amin. Kakanka bai yi kuskure ba. Makwar ƙauye ne ƙarami a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, kudu da kangon tsohon birnin sarakunan Funj, kuma a nan aka gina madatsar. Garin Sinnar na yau a kansa ya zauna, ya haɗiye sunan.

Abin da ya tashi ƙauyen nan daga barci dogo ne, sikka hadid. Wajen 1910 layin da ya taso daga Hartum ya riga ya ratsa Wad Madani ya iso yankin, ya karkata yamma zuwa Kosti. Turawa auduga suke so wa masaƙun Ingila, auduga kuwa sai da ruwa. An soma aikin madatsar a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da shi, ba a gama ba sai 1925. Tsawonta ya kai kilomita 3. Ka duba duwatsun jikinta in ka bi ta kai: daga Dutsen Sagadi aka faso su, jirgin ƙasa ya kwaso. Siminti ma a Makwar aka kafa masana'antarsa. Ba raƙumin da zai ɗauki wannan kaya.

Mutanenku kuwa sun riga madatsar zuwa. Bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira da jama'arsa suka zauna a nan kusa. Da ruwa ya fara gudu a tur'o'i, wato hanyoyin ban ruwa na gonakin Jazira, hannun Hausa da Fulani, mazauna da maniyyata masu neman guzurin Makka, ya yi tsinkar auduga ba kaɗan ba. A ganina ba a ba su haƙƙinsu a tarihin ba: an rubuta sunayen injiniyoyi, an bar 'yan kambo, wato leburorin da ke zaune a sansanonin gona.

Audugar, a da wani ɗan siririn jirgin ƙasa ne ke kwashe ta daga hawashoshi, wato gonakin manoma, zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa, sannan babban layi ya kai ta Bur Sudan. Faɗin babban layin, milimita 1067, daidai yake da na dogon da ya shiga Kano.